Jaɓar Ruwa a Motar Goro

A lungunmu na Nima, a birnin Accra, an yi wani lokaci da in mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci, sai dai a ce, "To, jaɓar ruwa ke nan." Mai gyaran waya ya ce ki dawo gobe an gama, jaɓar ruwa. Aka ce famfo zai kawo ruwa ranar Laraba, jaɓar ruwa. Har yaran da ba su san mafarin zancen ba sun ɗauka suna yi wa juna. Ni kuwa duk lokacin da na ji sai raina ya ɓaci, don daga bakin mahaifina maganar ta fito, kuma da shi ake.

Babana ɗan goro ne, gadonsa ya yi. Kakana ya bar Kano yana saurayi, ya bi fatake har ƙasar da goro ke fita, ya zauna a wani ƙauye a gindin dutsen Nimba, can inda Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗa iyaka. A can aka haifi Baba, tare da 'ya'yan mutanen dutsen ya yi wasan ƙasa. Yana da shekara goma sha biyar kakana ya rasu, wani ɗan uwa ya ɗauko shi ya kawo shi Accra. Ya yi shekaru yana kasa goro a Zongo Lane kafin ya dawo kasuwar Nima, kuma tun da ya baro garin haihuwarsa bai sake taka shi ba.

Dukiya dai bai tara ba, amma yana da abin da ya fi ƙarfin kuɗi a zango, unguwarmu ta Hausawa, wato maganarsa. Duk saurayin da ya ga yarinya a lungun nan, Baba ake ba goron tambaya ya kai gidansu. In ya ce yaro na da hali, iyayen yarinya ba sa neman shaida ta biyu. In kuwa yaron ba shi da hali, tun a gida zai mayar wa iyayensa goronsu, ya ce su nemi wani ɗan aike. Da wannan na tashi ina taƙama, ni da nake sayar da waakye a bakin lungu, wato wake da shinkafa irin namu na nan. Ko faɗa nake da mai saye, in aka ce "'yar mai goro ce," sai a sassauta mini.

Da gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa, sai ya koma zaman benci a gaban teburin wani mahauci, abokinsa na shekara arba'in. Mutumin Bawku ne, can arewacin ƙasar nan, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Wata rana aka tafka ruwa da hantsi, babbar kwatar da ta raba mu da unguwar Maamobi ta cika ta tumbatsa, ruwa ya koro wata gafiya daga rami. Tana ta fafutuka cikin ledoji da robobi, samarin lungu suna ihu wai ga gwanar iyo. Baba ya kalla ya yi dariya, ya ce wannan ai neman tsira ne, ba iyo ba. Ya ce in suna son ganin iyo, su je rafukan da ke gangarowa daga dutsen garinsu.

Ina wurin, na fake da tukunyata a rumfar mahaucin, da kunnena na ji. Ya ce akwai wata 'yar dabba a rafukan nan, in ka cire wutsiya ba ta wuce tafin hannu ba. Gashinta laushi gare shi, ruwa ba ya kama shi, in ta fito ta girgiza sau ɗaya ta bushe. Idanunta 'yan mitsi-mitsi ne, ba da su take farauta ba, da gashin bakinta take laluben ƙarƙashin duwatsu. Abincinta ƙaguwa. Ba ta tunkarar ƙaguwa ta gaba, ta san abin da zai biyo baya, sai ta zagaya ta baya ta cafke ta, ta ja ta tudu ta cinye. Ya ce shi da wani abokinsa ɗan mutanen dutse sun sha samunta a kwandon kamun kifin da suke dasawa a rafi, ta bi ƙaguwa ta shiga ta kasa fita. Sunan da mutanen dutse ke kiranta ya ɓace masa tare da harshensu, amma su 'ya'yan Hausawa jaɓar ruwa suke ce mata, saboda dogon hancin.

Mahauci ya ajiye wuƙa ya riƙe ƙugu.

"Mai goro, tsaya, tsaya. Jaɓa? Jaɓa wanda muka sani, mai wari? Shi ne ya koyi iyo har yana kama ƙaguwa? Ei! Ni na kama gafiya, na kama gyazbi, na kama bushiya, naman daji na arewa ba wanda ban feɗe ba tun ina yaro. Wannan naka ban taɓa ji ba koraa, ko sau ɗaya. Gobe za ka ce mana kaza na garinku yana ba da nono!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Da Baba ya yi dariya tare da su da shi ke nan, an wuce wurin. Amma mutumin da bai saba a ƙaryata shi ba bai iya wannan ba. Ya rantse, ya sake rantsewa, washegari ya dawo benci ya ɗora daga inda ya tsaya. Duk ƙarin bayanin da ya yi sai ya zama ƙarin abin dariya. Kafin mako biyu samarin da ke zaman shan ataya, shayin nan mai kumfa, a bakin lungu sun mayar da zancen karin magana.

'Yata ta ɗauki waya ta ce bari ta kashe gardama. To, ba wanda ya san sunan dabbar da Turanci. Ta yi ta lalube tana nuna masa hotuna, wata dabba kamar kyanwa, wata kamar ɓera mai faffaɗar jela, wata mai baki irin na agwagwa. Kowace ya duba da kyau sai ya girgiza kai ya ce ba ita ba ce. Mutane suka ce ai da ma, abin da babu shi ina waya za ta samo shi? Da maƙaryaci ne da ya nuna ɗaya ya huta. Wannan tunanin bai zo mini ba a lokacin, sai daga baya.

Abin bai zama ciwo ba sai da wani tela a lungunmu ya tashi neman aure a Maamobi. Baba ne ya kai goron auren ubansa, shi ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Amma aka ɗauki goron aka ba wani dattijo dabam. Uwar yaron da bakinta ta gaya mini, tana tsaye a gaban tukunyata tana jiran in zuba mata, wai suna gudun kada a je gidan surukai Baba ya ɗauko zancen jaɓa. Na zuba mata, na rage mata shito, soyayyen yajin da ake ɗorawa a kai, don haushi, na rufe tukunya tun rana ba ta yi ba na nufi gida.

Na tarar da shi a tsakar gida, ya riga ya ji. Ya saka farar rigarsa ta kai goro, ya zauna da ita a kujera ba inda za shi. Maimakon in lallashe shi, sai na sauke masa haushin da na kwaso.

"Baba, don girman Allah ka bar zancen dabbar nan! Shekara sittin da wani abu fa. Yaro yakan ga ɓera ya faɗa ruwa, in ya tsufa abin ya zame masa wani abu dabam. Tsufa ne, ba laifi ba ne. Amma ka ga yanzu ka zubar mana da mutunci a lungu."

 Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi kamar yadda ya saba, na karɓa ina huci. Gaskiyata ke nan a ranar, ban yarda da shi ba, kuma na faɗa masa a fuskarsa.

Washegari da safe aka neme shi aka rasa. Mutumin da ko masallaci sai da sanda, ashe ya hau trotro, motar hayar nan, shi kaɗai har unguwar Malam. A can motocin goro da ke fitowa daga Kwaddibuwa za su Legas suke yada zango, kuma akwai wani direba da Baba ya san ubansa. Ya dawo da azahar yana gumi, fuskarsa fes.

"Na aika," in ji shi.

"Ka aika me, Baba?"

"A kawo ta."

Ga yadda saƙon zai bi. Direba zai gaya wa mai sayen goro a gari na ƙarshe da mota ke kaiwa. Mai sayen goro zai gaya wa wani mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Shi kuma zai nemi abokin Baba na ƙuruciya, in yana raye, ya ce masa ɗan Bahaushen nan da suka yi kamun kifi tare yana Accra, yana roƙon a aiko masa da dabbar rafi mai cin ƙaguwa. Waya ba ta kai ƙauyen ba, balle a ce a ɗauko hoto.

Labari ya zaga lungu kafin la'asar. Mahauci ya ce madalla, gani ya kori ji, shi yana nan a teburinsa yana jira. Ni kuwa wani abu ya same ni da ban zata ba. Ban fara yarda ba, amma sai na wayi gari ina son a ce ni ce na yi kuskure, so mai tsanani. Ko babbar mota na ji ta yi ƙaho a titi sai in leƙa bakin lungu. Direba ya wuce sau ɗaya, ba labari. Ya sake wucewa bayan wata guda, ba labari. Masu ataya suka ce jaɓar tana neman fasfo ne. Na bi su da ludayi har bakin titi, amma a zuciyata ina cewa wataƙila su ne da gaskiya.

A wata na uku, ina tsakiyar ciniki da safe, layi har bakin kwata, waya ta yi ƙara. Direba ne, yana magana cikin hayaniyar motoci.

"Hajiya, gaya ma Baba saƙo na shi ya samu! Yana cikin mota. Muna boda, takarda ya riƙe mu, jibi da la'asar ni da kaina zan kawo."

Na ce, "Ta samu? Kana ba ta ruwa? Ta ci wani abu?" Sai layin ya yanke. Na kira na kira, bai shiga ba.

Na bar wa 'yata tukunya da masu saye, na kwasa da gudu da ludayi a hannu. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, da wannan jikin nawa, na tsallake kwata biyu ban sani ba. Takalmina ɗaya ya tsaya a hanya ban waiwaye shi ba. Tun daga ƙofar gida nake ihu, "Baba! Ta taho! Tana mota!" Yana alwala, butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce in maimaita, na maimaita sau uku. Sai ya miƙe ba sanda, ya ce, "To me kike jira? Ina za mu sa ta?"

Kwana biyun nan ban taɓa ganin irinsu a gidanmu ba. Na sadaukar da babban bahon da nake jiƙa wake, wanda mutum biyu ke ɗauka. Karan dafin da nake dafa waakye da shi ya riga ya rina shi ja, Baba ya ce dabbar da ta saba da ruwan da ake ganin ƙasansa ba za ta zauna a wannan ba, na yi ta dirza da toka da soso har fatar hannuna ta saɓule. Ruwan famfo ya ce yana warin magani, ruwan rijiyar lungu kuwa ko zancensa kada a yi. Piya wata, ruwan leda, muka kwaso jaka-jaka, muka zauna ni da 'yata muna fasa leda ɗaya-ɗaya muna juyewa. Ya sa yatsa ya ce ya yi ɗumi, ruwan dutse haƙori yake kamawa. Na tafi gidan mai firiza na ce ta ajiye mini ƙanƙara ta jibi duka.

Abin mamaki, samarin ataya da suka ƙirƙiro tsiyar su suka fi kowa rawar jiki. Suka kwaso duwatsu daga inda ake wani gini, suka wanke su tas. Mai walda ya ƙera murfin raga ba wanda ya roƙe shi. Har gardama ta kaure tsakaninsu a kan wa zai riƙa ba ta abinci da safe, wa da yamma. Maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ga mai sayar da kifi, ta kawo ƙaguwa masu rai a bokiti, kowace ta kai faranti. Baba ya leƙa ya yi dariya har da tari, ya ce waɗannan ai su za su cinye baƙuwar. Ta koma kasuwa ta nemo ƙanana irin na miya. Malamin makarantar allo ya aiko a tambaya ko zai kawo ɗalibai su ga ikon Allah.

Baba yana tsaye a kanmu kamar mai kula da gini. A sa dutsen nan a can. A bar mata rami a nan, tana son wurin ɓuya. A ja bahon ƙarƙashin rumfa, ba ta son rana. Ya manta da gwiwa, ya manta da sanda, yana ta ba da labarin rafin, inda yake faɗowa daga sama, inda suke dasa kwando, yadda ƙafa ke mutuwa don sanyi. A karon farko na saurare shi ba tare da na duba ko wani na dariya ba. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji tsoro, don na ga irin nisan da ya yi.

Ranar da aka ce, tun azahar gidanmu ya cika. Mata a kan baranda, yara a kan katanga, wasu har daga Maamobi suka tsallako. Samari suka kife jarkoki suna kiɗa. Mahauci ya rufe teburinsa da wuri, abin da ko ranar sunan jikarsa bai yi ba, ya zo ya tsaya a gaba da wuƙarsa a ƙugu. Na zuba ƙanƙara a baho, 'yan ƙaguwa suna ta yawo tsakanin duwatsu. Baba ya saka farar rigar nan, aka ajiye masa kujera a inuwa.

La'asar sakaliya aka ce ga tasi a bakin lungu. Ihu ya tashi, ni ma ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Aka buɗe wa direban motar goro hanya yana tafe yana washe baki, ya ɗaga wani ɗan kwando sama da hannu biyu don kowa ya gani.

Tun daga nesa na ga akwai matsala. Kwandon an naɗe shi da ganye an ɗinke da igiya tsaf, kamar huhun goro, ba ko 'yar kafar shan iska. Na dubi Baba, na ga shi ma ya gani. Da direba ya matso sai wani ƙamshi ya riga shi isowa, na hayaƙin itace da barkono.

Direba ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye kwandon a kan tabarma. Baba ya miƙa hannu, sai ya janye ya ce, "Uwata, buɗe." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Na yanke igiya. Na ɗaga ganye, na ɗaga wani, na ɗaga na uku. A sama ƙyafaffun ƙaguwa ne an jera su da kyau. Na kawar da su. A ƙasa ga wani abu baƙi ƙirin a soke da tsinke, ya ƙanƙance ya lanƙwashe, an babbake gashin, an shafe shi da barkono.

Kiɗa ya tsaya. Gidan ya yi tsit har ina jin ƙanƙara na fashewa a cikin baho. Sai wani daga kan katanga ya ce, "Kai chale, ɓera ne! Suya na ɓera aka kawo ma Baba!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suna riƙe juna, wani saurayi ya kwanta a ƙasa yana dukan jarka. 'Yar Ga ta ce tun da mu ba ma ci, a ba ta ta jefa a miya kada a yi asara. Direba ya tsaya sororo, shi bai taɓa buɗe kwandon ba, an dai ce masa ya kiyaye shi daga ruwa. Da na tasa shi da masifa sai ya shiga bayanin abin da mai sayen goro ya gaya masa, yana yi yana share gumi. Abokin Baba yana raye, ya makance. Da saƙo ya iske shi kuka ya yi, ya sa jikokinsa suka yi ta dasa kwanduna mako da makonni har aka samu ɗaya ta shiga. Su kuwa a al'adarsu, tsohon da ya yi shekara sittin a birni ya aiko a kawo masa abin rafi, kwaɗayin gida ne ya taso masa. Kuma ba a aika wa mutum nama tafiyar kwana da kwanaki ɗanye, rashin mutunci ne. Matar wani jikansa kwana uku ta yi tana ƙyafe ta a kan wuta, ta ƙara da ƙaguwa don tsohon ya ji daɗin miya. Mu ba mu ce a kawo ta da rai ba, don bai taɓa zo mana a rai cewa akwai wata hanyar ba. Su ma bai zo musu cewa mai hankali zai so ta da rai ba.

Murna ta koma ciki. Hawaye ya cika mini ido, na haushi da na tausayi. Na dubi baho, na dubi hannuna da ya saɓule, na dubi Baba a kujera da farar riga, ya sunkuyar da kai. Na ɗauki tsintsiya zan kore kowa daga gidan.

Mahauci ya riga ni. Ya matso yana share hawayen dariya da gefen rigarsa, ya ce, "Bari in ga ɓera na dutse, ko ya fi namu mai." Ya ɗauki tsinken ya juya shi. Shi mahauci ko mushe ya gani a hanya sai ya duba, hannunsa ne ya saba. Ya zaro wuƙa ya sa tsininta ya buɗe bakin dabbar. Ya kai ta wajen haske. Dariyar ta fara raguwa a fuskarsa.

"Ku yi shiru," in ji shi. Ba a ji ba, ya daka tsawa. "Na ce ku yi shiru! Wannan ba ɓera ba ne. Ɓera, gafiya, gyazbi, duk haƙori biyu manya ne a gaba, sai fili, sai na tauna a baya. Wannan ba fili. A jere suke kamar zarto."

Wani ya ce to jaɓar gida ce, ta bayan ɗaki. Mahauci ya auna ta a tafin hannu, ya ce jaɓar gida in ta sha wuta kwana uku ba za ta rage haka ba, amma dai bai sani ba. Aka fara ƙananan maganganu, masu dariya suna neman su dawo da ita.

Sai Baba ya yi magana daga kujerarsa. Tun da aka buɗe kwandon bai taɓa ta ba, bai ma matso ba, tsakaninsa da ita ya kai taku biyar.

"Duba ƙafar baya," ya ce. "Yatsa na biyu da na uku a haɗe suke. Da su take taje gashinta."

Mahauci ya kankare barkono da bakin wuƙa, ya miƙar da 'yar ƙafar a hankali kada ta karye. Ya daɗe yana kallo.

"Wuta ne ya haɗa su," ya ce, amma muryarsa ba ƙarfi.

"Duba ɗayar."

Ya duba ɗayar. Na jefar da tsintsiya na kutsa na leƙa ta kafaɗarsa. Ga su nan, 'yan yatsu biyu manne da juna tun daga tushe, sauran a ware, ƙafar dama da ta hagu iri ɗaya. Wuta ba ta zaɓen yatsa.

Mahauci ya ajiye ta a kan ganye da hannu biyu. Ya ja bencin da mata ke zaune ya ce su tashi, ya hau kai, tsoho da shi.

"Jama'a, ku shaida! Shekara hamsin ina riƙe da wuƙa, ban taɓa ganin wannan halitta ba. Mai goro ya san shi tun daga haƙori har yatsa, bai ko taɓa shi ba. Ni ne na yi ƙarya, ba shi ba. Daga yau wanda ya sake cewa jaɓar ruwa a lungun nan, kada ya zo teburina, ko ƙashi ba zan sayar masa ba!"

Gidan ya kece. Jarkoki suka dawo da ƙarfinsu, guɗa ta ko'ina, yaran kan katanga suna dirowa suna turereniya a ga yatsu. Waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa rantsuwa cewa da ma su sun san Baba ba ya ƙarya. Uwar telan nan ma na hango ta tana tafi. Direba da ya zaci ya jawo abin kunya sai ga shi an ɗaga shi sama. Na yi guɗa har muryata ta dushe, na yi rawa da zanen aiki, na taka bokitin ƙaguwa ya kife ban kula ba.

Na ratsa mutane na isa gaban Baba ina haki.

"Baba! Gaskiya ne! Wallahi gaskiya ne, ga yatsun nan, da idona na gani!"

Yana murmushi, idanunsa sun jiƙe. Bai dubi mahauci a kan benci ba, bai dubi masu kiɗa ba, ni yake kallo.

"Uwata, kin gani ko?"

"Na gani, Baba."

"To, alhamdu lillahi." Ya gyara hularsa. "Su ai a benci suka san ni, dole sai sun ga yatsa. Ke kuwa da na so ki yarda tun ban aika ba."

Ana ta kiɗa a bayana, na durƙusa a gabansa na sunkuyar da kai.